Wata goma sha ɗaya ina bin gwamnati bashi

Sana'ata kafinta ce da walda. Ina da shago a Kano da yara tara, huɗu masu albashi, biyar 'yan koyo. Shekara goma sha biyu ina yi wa mutane ƙofa da taga da gadon amarya da kabad, kuma duk tsawon lokacin nan ban taɓa buɗe kundin kasafin kuɗi ba. In na ji a rediyo an ce shugaban ƙasa ya sa hannu a kan tiriliyan kaza, yadda nake jin labarin ruwan sama a wata ƙasa haka nake jin sa. Abin da ya zaunar da ni na karanta shi layi-layi kwangila ce guda ɗaya, wadda na yi wa wata hukumar gwamnatin tarayya a ƙarshen 2023, ba a biya ni ba sai Nuwamban 2024.

Wani abokina da muka yi sakandare tare ne ya kawo mini shafin jarida har shago, a watan Yuli. Ya nuna mini wani layi da ɗan yatsa: ana neman wanda zai kai bencina da tebura da kabad da ƙofofin ƙarfe wasu ƙananan asibitoci uku a karkara, cikin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Ya ce, "Maigida, wannan ai aikinka ne. Masu cin irin wannan kwangilar wajenku suke zuwa ku yi musu a rabin kuɗi. Me ya hana ka nema da kanka?" Gaskiya ya faɗa. Sau uku ina yi wa 'yan kwangila aiki, su karɓa su wuce, ni kuma a bar ni da ladan gumi.

Kamfani ina da shi. Tun 2019 na yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC saboda wata makarantar kuɗi ta ce ba za ta biya ta asusun mutum ba. Amma daga ranar da na karɓi takardar na sa ta a leda na jefa cikin durowa, ban sake waiwayarta ba. Abu na farko da aka nema a cikin sanarwar shi ne takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, kuma a nan na fara sanin inda aka dosa.

Na sami wani akanta da ke da ɗan ofis a bene. Ya ce in kawo masa littattafan kamfani. Na kai masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta guda shida da buhun leda cike da rasit. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce in koma in jera su shekara-shekara, wata-wata, in haɗa da bayanan asusun banki. Dare tara na yi ina shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha, uwargida tana riƙe mini fitilar waya in an ɗauke wuta, muna ware na katako daban, na ƙarfe daban, na fenti da ƙusa daban. Rasit ɗin injin cire kuɗi duk sun koɗe sun zama farar takarda, sai dai in karkata su wajen haske in ga inuwar lamba. Da yawa daga cikin cinikina kuwa babu rasit sam, domin a kasuwarmu baki ne rasit.

Da ya gama lissafi sai ya yi mini bishara da kuma akasinta. A lokacin, bisa dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin kamfani. Nawa bai taɓa wucewa ba, saboda haka babu harajin da ake bi na. Sai dai yafe maka biya bai yafe maka kai rahoto ba. Dole kowace shekara ka miƙa lissafinka cikin wata shida da rufe shekarar, in ka makara tara ce, wadda a lokacin ita ce: naira dubu 25 a watan farko, dubu 5 kowane wata bayansa. Shekara uku ban kai ba. Tarar ta haura naira dubu 250. Ya shigar da komai ta shafin intanet na hukumar haraji ta tarayya FIRS, aka fitar mini da lambar biya ta Remita, na je banki na bi layi na biya. Ban yi gardama ba, laifina ne. Jami'ar da na tarar a ofishin haraji ma ta yi mini bayani dalla-dalla, har ta rubuta mini ranakun da ya kamata in kiyaye a bayan wata takarda, wadda har yau tana manne a bangon shagona.

Ni ba na cikin masu ƙin haraji. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin zamanin da mai unguwa ke bin gida-gida da dogari ana karɓar harajin kai, Fulani kuma suna biyan jangali a kan kowace saniya, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano a 1979. Yakan ce abin da ya fi ciwo a wancan haraji ba kuɗin ba ne, wulaƙancin ne, da kuma rashin ganin abin da aka yi da shi. Na ɗauki wannan magana. In za a karɓa da mutunci a yi aiki a gani, ni mai bayarwa ne. Da wannan zuciyar na biya tarar.

Sauran takardun na bi su ɗaya bayan ɗaya: sabunta bayanan shekara a CAC, shaidar asusun inshorar ma'aikata, rajista a rumbun 'yan kwangila na hukumar kula da sayayyar gwamnati, rantsuwa a kotu cewa babu wani daraktan kamfanin da aka taɓa ɗaurewa kan zamba, wasiƙar banki, hotunan ayyukan da na taɓa yi. Ta fansho da ta asusun horar da ma'aikata sun danganta da yawan ma'aikatanka, ni ban kai ba. Mako biyar wannan ya ci. Kafin in jefa ambulan ɗina a akwatin tanda, inda masu neman kwangila ke jefa farashinsu, na kashe sama da rabin miliyan, ban san ko zan samu ba.

Hukumar da ke da aikin tana wata jiha, kuma aikinta na asali ba shi da wata alaƙa da lafiya. Na tambaya, aka ce haka ake yi da ayyukan mazaɓu, ɗan majalisa ne ke zaɓar inda za a ajiye masa aikinsa. Na je ranar buɗe tanda, aka karanta farashin kowa a bainar jama'a. A watan Oktoba aka kira ni na karɓi takardar kwangila: naira miliyan 17, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kai, jimla miliyan 18 da dubu 275. Na yi sujada a cikin ɗakin masauki.

Na tambayi kafin alƙalami. Doka ta yarda a bayar in ka kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora. Jami'in ya ce mini, "Alhaji, ko ka kawo lamunin ma babu abin da za mu ba ka yanzu. Ka yi aikin da kuɗinka, da ka gama za a biya." Na ce da yaushe? Ya ce, "In sha Allahu kafin ƙarshen shekara."

Bashin banki ban ko nufe shi ba, don addini da kuma don ruwan da ke kai. Na kwashe abin da ke asusun shago. Uwargida ta ba ni kwasar adashinta. Wani Alhaji da nake sayen katako a wajensa a Na'ibawa tun ina yaron shago ya ba ni katako da falanki bashi, a kan in biya bayan wata biyu. Ƙarfe kuwa a Ƙofar Ruwa babu mai ba ka bashi a lokacin, domin farashin safe daban na yamma daban. Sai na tafi ƙauye wajen kawuna. Ya saurare ni har na gama, bai ce komai ba. Ranar Juma'a ya kora bijimai uku zuwa kasuwar Wudil, ya dawo ya zube mini kuɗin a kan buzu. Ya ce, "Ɗan nan, na turke su ne don auren ƙannenka. Ka dawo mini da su kafin kaka mai zuwa." Na ce, "Kawu, kafin azumi ma."

Farashin da na rubuta a watan Agusta ya tashi aiki kafin Nuwamba. Tun ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta sake haura 600. A tsakiyar Yuni aka saki naira, dala ta bar wajen 460 a farashin gwamnati ta kama hawa. Fayif, sandar walda, faifan yanka ƙarfe, fenti, makulli, duk abin da ya taɓa jirgin ruwa ya bi dala. Na san akwai hanyar da wasu ke bi: a rage kaurin ƙarfe, a sa ɗanyen katako, a shafa fenti hannu ɗaya. Na kasa. Benci ne da mace mai ciki za ta zauna a kai. Muka yi mako shida muna aiki har dare da janareta, ribar da na ƙiyasta tana narkewa ina kallo.

Tsakiyar Disamba muka loda motar kanta uku. A hanya an tare mu wuri huɗu ana neman sitika da rasit na ƙananan hukumomi, kowane da nasa suna, kowane na biya. A asibiti na biyu mun isa ranar awo. Mata fiye da talatin ne zaune a ƙasa a gindin darbejiya, wasu a kan ɗankwalinsu, wata a kan bulo. Tun ba mu gama saukewa ba suka fara hawa bencinan, ledar ma ba a cire ba. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta shafa katakon da tafin hannu ta ce, "Allah ya yi wa wanda ya kawo albarka." Ba ta san ni ne ba, ban kuma faɗa ba. Duk abin da ya biyo baya, wannan ranar ban taɓa nadamarta ba.

Jami'an hukumar suka zo suka ƙirga, mai kula da sito ya sa hannu, odita ya sa hannu, aka ba ni takardar kammala aiki. Na miƙa takardar neman biya ranar da ta biyo baya. Aka buɗe fayil, aka rubuta bauca.

Daga nan sai shiru.

Janairu na buga waya, aka ce ba a saki kuɗi ba. Fabrairu na je da kaina, tafiyar awa bakwai, aka nuna mini fayil ɗina da sa hannu bakwai a kai, babu abin da ya rage, amma ba a saki kuɗi ba. Na tarar da wasu 'yan kwangila su biyar a barandar ofishin, ɗaya ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ɗaya ya kai kekunan ɗinki, kowa da ambulan ɗinsa a hammata. Mun zama kamar 'yan uwa, har muka buɗe zaure a WhatsApp, kullum tambaya ɗaya: akwai labari?

A zuwana na uku, cikin azumi, raina ya ɓaci na ɗaga murya. Wani dattijo a sashen kuɗi, wanda ya kusa ritaya, ya kira ni gefe ya ba ni kujera. Ya juyo da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini layin aikina a kasafin 2023, da lambarsa da adadinsa. Sannan ya nuna mini wani gurbi a gefe, inda ake rubuta abin da aka saki. Babu komai a ciki. Ya ce, "Malam, ka ɗauka muna da kuɗinka a durowa muna hana ka. Tun 2015 da aka tattara kuɗin hukumomi a asusun bai ɗaya a Babban Banki, ba ma riƙe ko sisi. Mu namu mu shigar da buƙata, mu jira. Abin da ke cikin kasafi izini ne a kashe in an samu. Ka je ka duba nawa aka ce za a kashe bana, nawa aka ce za a samu, za ka gane inda kuɗinka yake."

Da na dawo gida na sa ƙanena da ke jami'a ya sauko mini da takardun daga shafin ofishin kasafi. Kwana da kwanaki muna bi bayan asham.

Kasafin 2023 wanda shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 3 ga Janairu naira tiriliyan 21.83 ne. Giɓin da ke cikinsa, wato abin da aka tsara kashewa alhali babu shi, ya haura tiriliyan 11. Rabi ke nan. Na ajiye takardar na ɗan yi shiru, domin na kwatanta da shagona: a ce na karɓi aikin miliyan ashirin, ina da goma, sauran goman ina sa ran wani zai ranta mini. An gina lissafin ne a kan za a haƙo ganga miliyan 1.69 ta ɗanyen mai kowace rana, a sayar dala 75, a canza dala a kan naira 435.57. Man da aka haƙo bai kai haka ba, dala kuwa kowa ya san inda ta tafi. Adadin da aka ware wa aikina ma da waccan dalar ta 435 aka rubuta shi, ni kuma na sayi ƙarfe da dalar da ta ninka. Akwai dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 da ta ce kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Na 2023 ya wuce.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne jerin waɗanda ake biya kafin a zo kaina. Sama da tiriliyan 6 aka ware don biyan bashi kawai. Bankin Duniya ya ce a 2022 kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a biyan bashi ya tafi. Bayan bashi sai albashi da fansho, sai kason da doka ta wajabta a tura wa irin su majalisa da ɓangaren shari'a, sai kuɗin gudanar da ofisoshi. Abin da ya rage, in ya rage, shi ake yi wa manyan ayyuka rabo. Bashi ba ya jira, domin in ka saɓa ba mai sake ranta maka. Albashi ba ya jira, domin za a tafi yajin aiki. Mai jira shi ne wanda ya riga ya kai benci, ba shi da abin da zai janye.

Gaskiya ne bayan cire tallafi da faɗuwar naira kuɗin da gwamnati ke samu ya ƙaru in a naira aka ƙirga. Amma bashin waje da dala ake biyansa, shi ma ya ninka a naira. Kuma Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa don ya tare hauhawar farashi, daga kashi 18.75 har ya kai 27.5 a ƙarshen 2024, wanda ke nufin sabon bashin cikin gida ya ƙara tsada. A waccan shekarar wanda ya sayi takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya yana samun sama da kashi 20, kuma ranar da aka ce za a biya shi ranar ake biya.

Nan ne na fahimci matsayina. Gwamnati tana cike giɓinta ta hanya uku da ake rubutawa: rance a gida, rance a waje, da sayar da kadara. Akwai kuma wadda aka daɗe ana bi, ta karɓo daga Babban Banki, wadda a lokacin doka ta ƙayyade kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar baya, amma ta taru har naira tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da ita bashin shekara 40. Wannan kuɗi ne da aka ƙirƙira ba tare da an noma ko an ƙera wani abu ba, kuma a ganina yana cikin abin da ya sa kwanon masara ya gagari mutane. Sai hanya ta ƙarshe wadda ba a rubuta ta a ko'ina: a karɓi aikin mutum a ƙi biyansa sai an ga dama. Ni ma mai ba gwamnati rance ne. Bambancina da mai takardar lamuni shi ne, shi an tambaye shi, an faɗa masa rana, ni ba a tambaye ni ba. Kuma ba ni kaɗai na ranta ba. Alhajin Na'ibawa ya ranta, uwargida ta ranta, kawu ya ranta da bijimansa, ba wanda ya sani a cikinsu.

Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takarda ya zama jinkiri, kuma akwai ruwa a kansa gwargwadon abin da yarjejeniya ta tanada. Ni ba ruwa nake nema ba, ko an ba ni ba zan ci ba. Amma ya kamata a lura: na makara da rahoto, an lissafa mini tara wata-wata ba a yafe ko ɗaya ba. Aka makara da haƙƙina wata goma sha ɗaya, ko wasiƙar ban haƙuri ban samu ba.

Ana cikin haka wa'adin kasafin ya yi ta matsawa. Majalisa ta tsawaita ɓangaren manyan ayyuka na 2023 zuwa ƙarshen Maris na 2024, ta sake kai shi ƙarshen Yuni, ta sake kai shi ƙarshen Disamba. Duk lokacin da aka tsawaita sai zaurenmu ya cika da hamdala, domin in wa'adi ya ƙare ba a biya ka ba, sai ka koma jerin tsofaffin basussuka, wanda shiga cikinsa ya fi fita sauƙi. Amma a lokaci guda ga ƙaramin kasafin 2023 na tiriliyan 2.17, ga na 2024 na tiriliyan 28.78, ga ƙarin tiriliyan 6.2 da aka yi masa a tsakiyar shekara. Kasafi huɗu suna shan ruwa a rijiya ɗaya. Ana ba da sababbin kwangiloli, na bara ba a biya ba. Wannan shi ne abin da har yau na kasa samun uzurinsa. Rance don a gina abin da zai amfani jama'a ban ce laifi ba ne, kowane ɗan kasuwa ya san bashi hanji ne. Amma a rubuta aiki dubu alhali kuɗin ɗari uku ake da shi, don kowane ɗan majalisa ya sami abin nunawa a mazaɓa, wannan ɗora wa ƙananan mutane nauyin da ba su ɗauka ba ne. Gara a rubuta ɗari ukun a biya su.

Watan Yuni ya zo da nasa. Akanta ya kira ni ya ce lokacin kai lissafin 2023 ya yi, kuma kwangilar nan ta tsallakar da cinikina ya wuce miliyan 25. Na fita daga rukunin ƙananan kamfanoni, na shiga na matsakaita: kashi 20 cikin 100 na riba, da harajin ilimi kashi 3, da kai rahoton VAT kafin 21 ga kowane wata. Na ce masa, "Yallaɓai, wace riba? Ba a biya ni ba fa." Ya ce a ƙa'idar lissafi ranar da ka kammala aiki ka miƙa takarda ranar ka yi ciniki, ko kuɗi ya shigo ko bai shigo ba. Na ce to ai akwai kashi 5 da za su cire mini tun daga tushe, a ɗauka a ciki mana. Ya ce ba za a lissafa maka shi ba sai an cire an tura, ba kuwa za a cire ba sai ranar da aka biya ka. Haka na sayar da injin yankan katako guda ɗaya cikin biyun da nake da su, na biya wa gwamnati harajin ribar kuɗin da ke hannun gwamnati. Ban ga laifin ma'aikatan haraji ba, doka suka bi. Amma hannun da ke karɓa da hannun da ke biya na jiki ɗaya ne, ya kamata a ce ɗaya ya san abin da ɗaya ke ciki.

A watan Agusta wani mutum ya kira ni, ban san inda ya sami lambata ba. Ya san adadin kuɗina har da ɗigo. Ya ce yana da hanyar da fayil ɗina zai shiga rukunin da za a biya a wata mai zuwa, in zan ba da kashi 10. In kuma na gaji, akwai mai sayen bashin gaba ɗaya, ya ba ni miliyan 12 a hannu in sa masa hannu. Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. A lokacin na sallami yara biyu masu albashi, na daina bin layin Alhaji a Na'ibawa don kunya. Na je na same shi na faɗa masa komai. Ya ce, "Kai yaro, katakon da na ba ka yau kuɗinsa ya kusa ninkawa, na sani, kai ma ka sani. Amma kada ka ba wani cin hanci a kan haƙƙinka saboda ni. Je ka, in an biya ka ka zo." Na fito daga rumfarsa ina share ido da hular hannuna. Biyu daga cikin 'yan zaurenmu sun sayar da nasu.

Alat ya shigo wata Talata a watan Nuwamba, ina tsugune ina auna ƙofa. Naira miliyan 15 da dubu 980. An riƙe VAT miliyan 1 da dubu 275 an tura kai tsaye, an cire kashi 5 na harajin tushe dubu 850, an cire kashi 1 na hatimi dubu 170. Lissafi daidai, babu kobo da ya ɓata. Sai dai naira ce ba ita ba. A watan nan hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, litar fetur ta wuce naira dubu, dala ta wuce 1,500. Na gwada lissafin abin da zan kashe in zan sake ƙera kayan nan a ranar, na ga kuɗin gaba ɗaya ba zai yi ba. Dubu 850 ɗin kuma ta zama ajiya a shafina na haraji, za a riƙa cire mini a shekarun gaba in na ci riba.

Washegari na fara da Alhaji, na biya shi har rumfa. Na mayar wa uwargida adashinta. Ranar Alhamis na tafi ƙauye da kuɗin kawu cif, na ɗora wani abu a kai daga ɗan abin da ya rage, domin na san yadda shanu suka yi tsada. Ya ƙirga, ya ware ƙarin ya turo mini. Ya ce, "Bashi na ba ka, ba jari na zuba ba. Ɗauke wannan." Na roƙe shi, ya ƙi. Da safe muka tafi Wudil tare. Muka zaga kara tun hantsi har azahar, yana duba haƙori yana taɓa tozo, dillalai suna faɗin farashi yana girgiza kai. Kuɗin bijimai uku ya saya mana biyu, ɗayan ma ɗan maraƙi ne da bai gama tasawa ba. Auren ƙannen nawa an ɗaga shi zuwa bayan sallah.

A motar dawowa na ce masa gado da kabad na amaren duka biyu a kaina suke, kuma wannan ba biyan bashi ba ne, gudummawar yaya ce, ba shi da ikon hana ni. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce to, amma a yi musu da busasshen katako.